Inna Asibi da Goyon Amatullah

Kafin ƙarfe bakwai Inna Asibi ta share gaban ƙaramin asibitin da ke gefen garin Tafoki, ta ɗora ruwa a wuta, ta goge sikelin awon jarirai. Shekara talatin da biyu ke nan tana haka. Bana za ta ajiye aiki, kuma wallahi matan yankin Faskari sun shiga zulumi, don ba su san wa zai riƙa kallonsu irin kallon da take musu ba. Inna Asibi ba ta duba kati kawai. Tana duba yadda mace ta shigo, da abin da ta goyo.

Ku tambayi Hamida, matar Malam Harisu. Shekara goma sha shida da aure, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Da ita da mijinta suka je wani asibiti a Kano, likita ya ce ƙwayayen haihuwarta sun kusa ƙarewa, in za a yi mata dashen ƙwan haihuwa sai an gaggauta. Ya ba ta wani man shafawa mai sinadarin da ya fi yawa a jikin maza, ta riƙa shafawa a kafaɗa kowace safiya har sati shida, ko Allah zai sa 'yan ƙwayayen da suka rage su motsa. Ya ja mata kunne kada fatar wani ta taɓa wurin. Hamida ta ɗauka mijinta ake nufi, ta yi ƙasa da kai don kunya. Ta ɓoye maganin a ƙasan akwati, ba ta gaya wa kowa a gidan ba. Maganin maza? Ai sai a maishe ta abin hira a bakin rijiya.

To, a gidan akwai facalarta Zulaihatu, matar ƙanin Malam Harisu, mai jaririya Amatullah. Tun ranar suna tsofaffi suka ce Hamida ta riƙa goya yarinyar, goyo yana jawo haihuwa. Nan fa Amatullah ta zama tata. Da ɗaurin ƙirji take yini, yarinya a baya, kumatunta manne da kafaɗar Hamida, wani lokaci har tsotsar wurin take.

Ranar rigakafi Hamida ce ta kawo ta. Ganin ba kowa, sai ta ciro kwalin maganin ta nuna wa Inna Asibi a ɓoye, tana tambaya ko shi ke sa mata ƙuraje. Inna Asibi ta karanta takardar ciki, ta dubi kafaɗar, ta dubi bakin yarinyar.

"Ɗiyata, kwana nawa kina shafa wannan?"

"Sha biyu, Inna. Mi ya faru?"

"Sauke ta. Sauke ta yanzun nan."

Ta wanke wa Amatullah fuska da hannuwa da sabulu, ta hau tudun bayan asibiti inda waya ke kamawa, ta yi ta kiran likitan Kano har ya ɗauka. Ya ce maganin yana iya shiga jikin jariri ta fata, a kai yarinya a duba ta, kuma a daina goyon har a gama.

Hamida ta zauna a ƙasa. In ta daina goyo ba dalili, za a ce baƙin ciki take da ɗiyar facalarta. In ta faɗi gaskiya, Zulaihatu na iya raba ta da yarinyar har abada. Ta ce gara ta zubar da maganin.

"Ba za ki zubar ba, kuma ba za mu yi ƙarya ba," in ji Inna Asibi. "Ɗauko mayafinki."

Ke ce, Inna, kika rufe asibiti da rana tsaka, kika taka har gidan, kika zauna tsakanin mata biyu, aka faɗa wa Zulaihatu gaskiya. Ke ce kika tsaya Zulaihatu ta fizge ɗiyarta tana kuka tana cewa, "Yaya Hamida, ɗiyar tawa? Da mi na cuce ki?" Ba ki hana ta kuka ba. Washegari kika hau babur da su kan hanyar nan da kowa ke bi da addu'a a baki, har Ƙanƙara, aka duba Amatullah, aka ce ba a ga komai ba, amma a dawo da ita bayan wata guda. Wata gudan nan Zulaihatu ko gaisuwar Hamida ba ta amsawa. Kullum kika aika a tambayi lafiyar yarinya, sai kin haɗa da ta Hamida, don uwar ta ji.

Kuma ba ki taɓa yi wa Hamida alkawarin ciki ba. Ta sha tambayarki ko maganin zai yi. Kika ce, "Likitocin ma ba su da tabbas, ɗiyata. Wasu ya taimake su, wasu bai yi ba."

Bai yi ba. Ƙwai biyu aka samu, aka dasa, bai zauna ba. Hamida ta dawo daga Kano ta shige ɗaki, kwana uku ba ta leƙo tsakar gida ba. A rana ta huɗu Inna Asibi ta zo, ba ta shiga wurin Hamida ba, ɗakin Zulaihatu ta nufa. Ta ce mata an sake duba yarinya lafiya lau, magani kuma ya bar jikin Hamida tuntuni, saura ya rage nata.

Allah ya saka miki da alheri, Inna Asibi, mai ido a kan na baya. Ku kuma 'yan matan da za ku gaji kujerarta, don Allah in mace ta miƙo muku kwalin magani, ku ɗaga kai ku dube ta, ku tambayi yadda take yini.

Waɗanda ke gidan ranar sun ce Zulaihatu ta daɗe tsaye a ƙofar ɗakin Hamida kafin ta ɗaga labule. Ta kwance zanin goyo, ta ce, "Yaya, juyo bayanki. Tun da kika tafi ba ta barci a nawa."