Ranar da Na Yi wa Baba Musu

Yau na shanya citta a tsakar gida, ƙamshinta ya bugi hancina, sai hawaye. Shekara guda ke nan da rasuwar Baba, tsohon akawun reluwe da yake koya mana Turancin ciniki a bayan coci, mu matan da ke kai citta Kafanchan.

Ya lura 'yan kasuwar Legas suna cutarmu, don in babba ya yi magana, mukan sunkuyar da kai ne mu ce "to". Shi ya sa yakan shirga ƙarya da gangan, yana taunar busasshiyar citta, ya ce, "Ku yi mini musu, amma da ladabi. Ku fara da godiya."

Kowa ta iya, ban da ni. Yaya zan ƙaryata mai furfura?

Wata Laraba ya zo yana tari, rigarsa ta yi masa yawa. Ya shafa kan jaririn da nake goye da shi, ya ce da Turanci, "Ba zan ga tafiyar yaron nan ba."

Na miƙe, na amsa da Turanci, "Na gode, Baba, na ji maganarka, amma ban yarda ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Yauwa 'yata, yau kin ci!"

Na ɗauka irin ƙaryarsa ce ta darasi. Sati uku bayan jana'izarsa yaron ya fara tafiya.

Ubangiji ya ba ka hutawa, Baba, inda babu ciwo, babu ban kwana.