Hoton Inna da Ƙafar Kujera

Matar Yaya ce ta fara kawo mini maganar kyamara. Da hantsi ta shigo ina tsakiyar wanki, ko zama ba ta yi ba ta ce in tsame hannu in ji sabon salo, wai yayana zai sayi abin ɗaukar hoto. Na ce wane yayan nawa? Ni dai yaya ɗaya Allah ya ba ni, kuma wanda na sani ko madubi ba ya tsayawa dubawa, da laluben hannu yake gyara hula. Ta ce shi ɗin dai, kuma ni zan raka shi kasuwa. Ita tun ranar da ta bi shi sayen katifa, ya bar katifar ya kwanta a ƙasa yana leƙen ƙarƙashin gadon mai shago, ta yi wa ƙafarta alkawari ba ta ƙara binsa ko'ina.

Yayan nan nawa kafinta ne, tun bai kai tsayin teburin aiki ba yake cikin katako. Shagonsa na bakin titi, tsakanin mai walda da mai facin taya, in ka shiga sai ka yi atishawa kafin ka yi sallama. Kullum fensir a bayan kunne, garin katako a gira. Duk layin Baba Saiti ake ce masa, don ba ya wuce abu bai kanne ido ɗaya ya auna shi ba. In ya je gaisuwa gidan mutane, ana ce masa ina gajiya, shi idonsa na kan ƙofar ɗaki, ka ji ya ce a hankali, ba saiti. Ya taɓa zuwa duba maras lafiya a asibiti, ya ƙare a tsugune yana cusa takarda ƙarƙashin ƙafar tebur. Ba shi da mugunta ko kaɗan, Allah ya sani. Idonsa ne dai katako ya riga mutane shiga.

Da yamma na je gidan na same shi a tsakar gida yana wanke hannu, na ce Yaya, me ya haɗa ka da hoto da furfurarka? Ya yarfe ruwan hannunsa ya zauna. Babanmu ya rasu tun muna da sauran ƙuruciya, Allah ya jiƙansa, kuma bai bar hoto ko ɗaya ba. Yaya ya ce kwanakin baya ya zauna bayan salla yana yi masa addu'a, ya so ya tuno fuskarsa, ta ƙi zuwa.

"Hannunsa nake gani," ya ce. "Har tabon da ke babban yatsa. Fuskar ce babu. Ba na so ta Inna ma ta tafi haka."

Inna, mahaifiyarmu, a gidansa take. Ta tsufa ƙwarai, sai da sanda take tashi, amma bakin nan nata ko wuƙar mahauci albarka. Gidan kuwa cike yake da jikoki masu manyan wayoyi, sai dai ba wanda ya isa ya nuna mata waya. Dalili, akwai wata ƙawarta da barci ya sace a wurin taro, baki buɗe, wani ja'iri ya ɗauka, kafin magariba hoton ya zaga gari har ya dawo hannun mai shi. Tun ranar Inna ta ce duk wanda ya ɗaga mata waya, sandarta ce za ta amsa. Yaya ya yi ta lallashi kamar mai neman aure, da ƙyar ta yarda, amma da sharaɗi. Shi zai ɗauka da hannunsa. Da abin da ba ya kira, ba ya aikawa. Kuma sau ɗaya, ba za ta zauna ana wasa da ita ba. Shi ma Yaya hakan ya yi masa daidai, don wayar shafawa ba ta jin yatsarsa. Hannun ya yi kanta, sai ya yi ta goga kamar mai goge katako da samfefa, wayar ko gezau.

Haka muka kama hanyar kasuwa. Shagon kyamarar ɗan ƙarami ne, a bene, gilashi ta ko'ina, kyamarori a jere kamar idanun kifi. Mai shagon mutum ne mai fara'a, mai ɗan tumbi. Muna shiga Yaya ya dafa teburinsa ya girgiza. Na taka masa ƙafa.

Mai shago ya tambayi me za a riƙa ɗauka, sana'a ce ko ta gida. Yaya ya ce ta gida, kuma daidai aljihun mai zarto. Duk da haka hannunsa ya tafi kan wata baƙa ƙatuwa mai dogon hanci. Ya ɗaga ta ya auna nauyi a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa ya kara kunne, har ya kai ta hanci ya shinshina. Mai shago ya miƙo hannu biyu a ƙarƙashi kamar mai jiran jariri, yana cewa, Baba, a hankali, wannan ba allon ƙofa ba ne. Yaya ya ce abu mai nauyi shi ne mai ƙarko. Mutumin ya yi dariya ya ce a katako ne haka, a nan kuwa mai nauyi ita ce wadda za a saya a ajiye a kan kabad ƙura ta ci. Ya ce wannan ta masu ɗaukar 'yan ƙwallo daga nesa ce, kuɗinta sai a sayar da shago, kuma maɓallanta sun fi haƙoran zarto yawa.

Gaskiya mutumin nan ya ji tsoron Allah da mu. Ya ce kada Yaya ya ruɗu da manyan lambobin da ake rubutawa a jikin kwali, hoton tsakar gida ba ya bukatarsu. Ya ce abin dubawa shi ne ta zauna a hannu, gilashin baya ya fito sosai, batir kuma wanda in ya mutu za a samu a kowane kanti. Ya fito da wata 'yar siririya mai sheƙi, Yaya ya riƙe, yatsarsa ɗaya ta danne maɓalli uku lokaci guda, abin ya yi ƙara ya rufe ido. Ya fito da wata, ita kuma ta shafawa ce, ta yi masa irin na waya. Can dai ya jawo wata daga ƙasan tebur, ta hannu ce amma tsaf, ruwan toka, da ɗan gurjewa a gefe. Maɓallinta ɗaya babba a sama kamar kan ƙusa. Yaya ya danna, ta ce ƙyas. Ya sake dannawa. Na ga gemunsa ya motsa, na san an gama.

Ni kuma na yi tawa tambayar, na ce tana da layi? Ya ce babu, Hajiya. Na ce in an bar ta a ɗaki ba za ta aika wa kowa komai ba? Ya ce ko gaisuwa ba ta iya aikawa, duk abin da ta gani yana cikin wani ɗan kati kamar farce, sai an zare an kai wurin wankin hoto. Na ce Alhamdu lillahi, ta fi wasu mutane riƙon amana. Mai shago ya murɗa wa kyamarar wani abu ya tsayar a kan kore, ya ce kada a taɓa nan, ita za ta yi wa kanta komai. Ya sa mata igiya ya rataya wa Yaya a wuya. Sai ya ƙara da nasiha, ya ce kafin ranar babban hoto a yi ta gwaji, hannu ya saba. Muna fita Yaya ya juya ya ce masa teburin nan ƙafarsa ta hagu ba saiti, ya aiko da shi.

Gwaji kam Yaya ya yi. Sai dai a shago ya yi shi. Ya ɗauki kabad, ya ɗauki benci, ya ɗauki gadon amarya da teburin makaranta. Kuma shi a wurinsa kaya ba su ɗauku ba sai an ga inda ƙafa ta taɓa ƙasa, don haka kullum a tsugune yake dannawa. Mai walda da mai faci suka yi ta yaba masa, wai ko a kwalin talla sai haka. Ba wanda ya tuna ya ce masa ya gwada da mutum.

Ranar da Inna ta sa, ta yi wanka ta ɗaura ɗankwalinta mai ruwan ƙasa, ta sa kwalli, aka fito mata da kujerarta tsakar gida. Kujerar nan Yaya ne ya yi mata da hannunsa, mai wurin dafa hannu, katakon har ya yi santsi don zama. Aka kori jikoki, aka karɓe wayoyi aka zuba a roba. Inna ta zauna ta riƙe carbi, ta haɗe fuska kamar alƙali. Yaya ya ja baya, ya tsuguna, ya kanne ido. Ya matsa hagu, ya dawo dama. Inna ta ce in ya gama rawar ya tashe ta. Ƙyas. Ya dubi gilashin baya ya ce saiti, ya kashe, ya sa a aljihu, ya hana kowa gani sai an wanko.

Da ya dawo daga wurin wanki duk muka taru. Ya zaro hoton daga ambulan ya miƙa wa Inna da hannu biyu. Ta kai shi kusa da ido, ta janye, ta sake kaiwa. Muka leƙa ta bayanta. Kujera ta fito tun daga ƙasa, ƙafa huɗu cif, har zanen jikin katakon ana gani. Ga zanin Inna, ga carbi, ga hannu. Daga haɓa zuwa sama kuwa babu.

"Masha Allah, kujera ta yi kyau," in ji Inna. "Wace baiwar Allah ce wannan ta zauna a kai?"

Matar Yaya ta toshe baki da mayafi ta shige kicin, muna jin tukwane na taya ta dariya. Ni ma na kasa riƙewa. Yaya ya ce a yi haƙuri a sake. Inna ta ce ita magana ɗaya take yi, ya kai wa kujerar hotonta ta ajiye.

Dariyar ba ta daɗe mini ba, don na ga yadda abin ya zauna masa. Kwanaki ba ya cin abincin kirki. Ya jingina hoton a shago yana kallo. To mai hali ba ya barin halinsa. Cikin kallon nan ne ya hango ƙafar baya ta ɗan buɗe daga mahaɗinta, abin da ido bai gani ba sai a hoto. Ya zo gida ya ɗaga Inna ya ɗauke kujerar, wai kada ta kayar da ita. Ya kai shago ya sa gam ya ɗaure, ya ce sai ta kwana ta bushe.

Ina gidan da la'asar ya dawo, kyamara a wuya, don ta zame masa kamar fensirin kunne. Inna na zaune a tabarma ta jingina da bango, tana mitar an raba ta da kujerarta. Bangon nan fari ne fes, ba ƙofa, ba taga, ba ko guntun katako kusa. Yaya ya zauna a ƙasa gabanta zai yi mata bayanin gam. Sai ya ɗaga kai. Idon nan ya nemi abin aunawa ya rasa, ya sauka a kan fuskarta ya tsaya. Inna ta ce kallon me yake mata kamar yau ya fara ganinta. Ya ce bai taɓa lura ba, girarta ta hagu ta fi ta dama tashi. Ta ce to ya je ya ɗauko guduma ya saita. Ya yi murmushi, sannan ya gaya mata abin da ya gaya mini, na fuskar Baba da ta ɓace masa.

Inna ta ajiye carbi a cinya ta dube shi.

"Fuskar ubanka kake nema? Kai da ba ka duba madubi ina za ka gan ta? Ga ta nan a kan wuyanka kana yawo da ita, kamarku ɗaya. Har kanne idon nasa ne, shi ma haka ya ishe ni."

Ta kama dariya har kwallinta ya jiƙe. Cikin dariyar ta ɗaga masa hannu ta ce, ɗauki, ɗauki yanzu tun babu katakon da zai ɗauke maka ido. Bai tsuguna ba, bai ja baya ba, daga inda yake zaune ya danna. Sannan Inna ta ƙwala wa matarsa kira, ta ce ta karɓi abin nan ta ɗauki mijinta shi ma, a wanko a ba shi ya ga ubansa.

Hotunan biyu suna bangon ɗakin Inna yanzu. Nata, baki buɗe tana dariya, gira ɗaya sama, ita da take gudun a gan ta baki buɗe. Kowace safiya sai ta sa an goge mata shi. Yaya ne ya yi musu firam, kuma da gangan ya yi shi siriri ba ado, ya ce kada ya ja ido. Na kujera ma yana nan, matarsa ta ƙi bari a yar, ta liƙa shi a kicin.

Shi kuwa Baba Saiti yana shagonsa, Allah ya ƙara masa lafiya. Ya yi wa kyamarar ɗan akwati mai murfi saboda ƙura. Duk kayan da ya gama sai ya ɗauka kafin a tafi da su, amma yanzu sai ya tsayar da mai kayan a gefe, ya fara da fuskar mutumin tukuna. In an taru a gida za a yi hoto, jikoki ne ke rige-rigen kwashe kujeru, a jera mu a jikin farin bangon nan. Jiya ma na biya ta shagon, na tarar da teburin mai kyamara a kife, ƙafa sama, Yaya ya kanne ido yana aunawa.