Saiwar da Ta Haɗiye Dalma

A layinsu babu mai kiranta da sunan yanka. Matar Mai Batir ake ce mata, har yau da mai batir ɗin ya daɗe a ƙasa. Sana'arsa ita ce ya sayo matattun batiran mota, ya fasa su da gatari a tsakar gida, ya narka dalmar cikinsu a wata tsohuwar tukunyar ƙarfe, ya kai wa masu saye. Nata aikin kuwa duk abin da ya rage: sharar toka, wankin rigunansa da ruwan batir ya huhhuda, da watsa ruwan wankin a gindin katanga. Da wannan aka ci aka sha, da shi aka yi wa 'yarsu tilo makaranta da aure. Babu wanda ya taɓa ce musu ƙasa tana riƙe abin da aka zuba mata.

Ya rasu hannunsa yana rawa, cikinsa yana murɗawa, aka ce tsufa ne. Ya bar ta da ciwon gwiwa da rediyo. Abin da ya hana gidan zama kango shi ne jikanta, wanda take kira Ango. Uwarsa takan ajiye shi in za ta wurin aiki, ya wuni yana tonon ƙasa da cokali.

"Ango, yau ma babu cefane?" in ji ta. "Wallahi yaji zan yi."

Sai ya miƙo mata dunƙulen ƙasa, ya ce nama ne.

Daga baya yaron ya fara ƙin abinci, ga rigima ba dalili, surutun nan nasa ya ragu. Aka kai shi asibiti aka ɗebi jini. Ranar da sakamako ya fito, 'yarta ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ko zama ba ta yi ba.

"Inna, likita ya ce kada ya sake taka gidan nan. Dalma ce a jininsa."

"Wace dalma kuma? Babanki yaushe rabonsa da hura wuta?"

"Tana cikin ƙasa, Inna."

Ba a hana ta zuwa ganinsa ba. Amma gidan 'yar yana can ƙarshen gari, mota biyu ake shiga, sannan a hau bene. In ta isa sai ta bar takalmi a waje, ta wanke hannu da ƙafa, ta zauna a gefen kujerar suruki kamar wadda ta zo biko. Gwiwar ma ba kullum take yarda ba.

Ma'aikatan lafiya sun zo sun ɗebi ƙasa a leda, sun yi rubuce-rubuce, sun tafi. Ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Sai wata rana wata malama daga kwalejin noma ta yi sallama, doguwa mai tabarau, ta ce tana neman izini ta shuka wata ciyawa a tsakar gidan, sunanta alfalfa, wadda saiwarta take shan dalma. Kada dai a zalunci malamar, ta yi bayani mai tsawo. Amma tsohuwa abin da take buƙata kawai ta tsinta a ciki: ciyawa za ta shanye dalma, Ango ya dawo.

Ta ɗauki ban-ruwa kamar ibada. Safe da yamma tana jan bokiti daga famfo, tana tsayawa a hanya ta dafa ƙugu. An ce mata kada dabba ta ci, don haka ta ɓata da maƙwabciyarta a kan akuya, har suka daina gaisawa. Ciyawa kuwa ta karɓi wuri. Inda tukunyar marigayi ta zauna shekara da shekaru ya yi kore shar, har da 'yan furanni masu ruwan shuɗi. Ta sa malama ta ɗauki hoto ta tura wa 'yarta. Ba a jima ba waya ta yi ƙara.

"Inna, gidanmu ne haka?"

"Gidanku ne mana. Ko kin manta hanya?"

'Yar ta ce tun da abin ya yi kyau haka, ƙarshen mako za ta kawo shi ya ɗan wuni. Yaron kullum sai ya tambayi amaryarsa. A ranar nan, Matar Mai Batir ta fita ta sayo motar roba ja, ta ɗora a kan kabad.

Ana jibi za su zo malama ta iso da kayan aiki, ta ce yau za a tono saiwa. Ta sa safar hannu, ta ba tsohuwa guda. Ita tana tonowa a hankali kada ta tsinke, tsohuwa tana wankewa a roba, don wanki ba a koya mata shi. Malama tana yanke kan kowace saiwa ta jefa a wani tulun ƙarfe mai fitar da hayaƙin sanyi. Can ta ɗauko wata da ta zo da ita daga kwaleji, wadda ta tashi a ƙasa mai kyau, ta jera su a kan tire. Ta kwaleji fara ce, doguwa, gashi ko'ina. Ta gidan gajera, kakkaura, ta yi duhu kamar haƙorin mai shan taba.

"Wannan me ya same ta?" in ji tsohuwa.

Nan malama ta washe baki, an taɓo inda take so. Ta ce kowace saiwa tana da ƙwayoyin gado a jikinta, wasu a farke, wasu suna barci. In ta ci karo da dalma sai ta tashi masu barcin, su ƙara wa bangonta kauri, su kulle gubar a ciki don kada da yawa ta hau ganye. Tsawon da za ta yi sai ta haƙura da shi. Su so suke su san waɗanne ƙwayoyin ne suke tashi.

"Shi ya sa sama ya yi kyau ke nan," in ji tsohuwa. Ta juya saiwar a tafin hannunta. "To, 'yar nan, yaushe za ta shanye?"

Malama ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"Inna, abin da take sha kaɗan ne. Mu saiwar muke nazari. Na gaya miki tun farko, wataƙila ban faɗe shi yadda ya kamata ba."

"Ƙasar fa?"

"Tana nan yadda take. Sai dai a kwashe ta a kawo sabuwa. Zan rubuta wa hukuma."

Matar Mai Batir ta san irin wannan rubutun, an yi mata shi a baya. Ba ta yi faɗa ba, ba ta da ƙarfin faɗan. Ta ƙarasa wanke sauran saiwoyin tas, ta raka malama bakin ƙofa, ta yi mata Allah ya kiyaye hanya.

Ta daɗe zaune a kan kujerar tsugunno da waya a cinyarta. In ta yi shiru, babu mai tona ta. Yaron zai zo, ya ruga cikin koren nan, gida ya cika da hayaniya wuni guda. Ita ce fa ta yi watanni tana roƙon wannan wunin. Ta dubi hannunta da ya yi yaushi da ruwa, ta danna lambar 'yarta.

"Kada ku zo."

"Haba Inna, ba ke kika ce ya yi kore ba?"

"Ganyen ne ya yi kore. Kada ki kawo min shi, ko na roƙe ki nan gaba."

Ta ji ana kokawa da wayar, sai ga muryar yaron.

"Amarya, jibi zan zo."

"A'a, Ango, zauna abinka. Ni zan biyo ka."

Da ta ajiye wayar ta tashi da ƙyar, ta sauko da motar robar daga kan kabad. Motar ko sau ɗaya ba ta taɓa ƙasar gidan ba. Duk da haka ta kai ta famfo ta wanke da sabulu, ta ɗaure a leda biyu, ta rataye a ƙusa can sama.