Maki Talatin da Ɗaya a Gefen Jirgi Guda

"Ka ji Arvo ya samu na saba'in da ɗaya?"

"Kai, bari! A ina?"

"Wani tsoho ne ya rasu a Marquette, 'ya'yansa suka zube kayansa a gareji. A cikin kwalin littattafan girki aka tsinto shi."

"To ai shi ke nan, sai ya kwanta ya mutu. Me kuma ya rage masa?"

"Ina fa! An ce mai shi ya cika shi da rubutun fensir. Ka san halin mutumin, ko abinci ba zai ci ba sai ya goge."

"Allah ya ba matarsa haƙuri."

Arvo Kemppainen yana jinsu sarai, don teburinsa ne na bayan nasu a shagon kofi. Bai juya ba. Ya shanye kofinsa, ya taɓa aljihun kwat ya ji littafin yana nan, ya fita cikin dusar ƙanƙara yana murmushi shi kaɗai.

Shekararsa saba'in da huɗu. Talatin da shida daga ciki ya yi su yana raba wasiƙu a garin Soo, kuma kowa ya san idan babban jirgin ruwa zai shiga ƙofofin ruwa, inda ake ɗaga jirage ko a sauke su a kogin garin, wasiƙar unguwar gabas sai ta makara. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake sayen littafin nan da ake bugawa duk shekara, wanda ke jera jiragen dakon kaya na manyan tafkuna: sunan jirgi, tsawonsa, shekarar ƙira, da launin bututun hayaƙinsa. Waɗanda suka fito kafin ya fara saye ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya samo. Guda ne tak ya gagare shi, na shekarar 1971, shekarar da ya yi ta a aikin soja a ƙasar waje. Kaɗan aka buga, kuma gam ɗin da aka haɗa shi da shi ba shi da kirki, yawancinsu sun wargaje. A kantar falonsa ya bar gurbi mai faɗin yatsa tsakanin na 1970 da na 1972. Shekara hamsin gurbin nan yana kallonsa.

Al'adar masu kallon jirage ita ce idan ka ga jirgi da idonka, sai ka yi maki a gefen sunansa. Maki ɗaya, sau ɗaya a shekara. Arvo ko wannan bai yarda da shi ba. Nasa makin a wani kundi dabam yake yi, littafi kuwa dole ya zauna fes kamar ranar da ya fito daga maɗaba'a. Duk tsohon littafin da ya saya, sai ya shimfiɗa farin tawul a teburin kicin, ya ɗauko farin magogi mai laushi, ya goge gefe guda kawai, daga ciki zuwa waje, ya share ɓurɓushin da tsohon burushin askin babansa. Har daga wasu garuruwa ake aiko masa da littattafai ya goge.

Matarsa Lorraine kuwa ba ruwanta da jirgi. Haka gari ya sani, haka shi ma yake ba da labari a duk taron biki. Wai ranar da ya fara ganinta, a dandalin kallo na bakin ƙofofin ruwa, baƙuwa ce daga DeTour ta zo aikin wanki a asibiti, ta ɓata hanya ta tsaya nan. Shi ya matso ya yi ta jera mata sunayen jirage tun daga nesa, ita kuwa ta saki baki tana mamakin iliminsa. Shekara arba'in da takwas da aure, idan jirgi ya busa gaisuwa, dogo uku gajere biyu, tashi take ta rufe taga. Ta ce ƙarar na sa mata ciwon kai.

Washegarin ranar da ya samo littafin, watan Fabrairu ne, an rufe ƙofofin ruwa, kogi ya daskare, ba jirgi sai ƙarshen Maris. Hantsi ya haska kicin. Lorraine ta ba shi baya tana yanka dankali da albasa na burodin nama.

"Kyaftin, ka ɗauke min tawul ɗin nan kafin sha biyu, a nan zan murza ƙullu."

"Ke dai zo ki ga ikon Allah," in ji Arvo. "Littafin nan kaf ba maki ko ɗaya. Jirage ɗari huɗu, mai shi bai ga ko guda ba. Sai shafi na arba'in. Jirgi ɗaya, Emory J. Tallcott, wani tsohon ɗan dakon tama da aka yanka aka sayar da ƙarfensa tun tuni. Maki talatin da ɗaya, kowanne da kwanan wata! Har gefen shafin bai ishe shi ba, ya gangara ƙasa."

Ba ta juyo ba. Wuƙa tana ta aiki.

"Wannan wane irin sakarai ne? Ka ga jirgi, ka yi maki, ka wuce. Shi kuwa kamar akanta. Bari ki ji."

Yana da ɗabi'a, kafin ya goge abu sai ya karanta shi da ƙarfi, wai sallama ce. Ya fara daga sama. Sha huɗu ga Afrilu, ya goge, ya share. Ashirin ga Afrilu. Ya bi watan Mayu yana kwaikwayon muryar mai karanta labarai, yana dariya.

"Sha biyu ga Yuni. Sha takwas ga Yuni. Ashirin da huɗu. Kin ga, kwana shida-shida yake sauko da kaya. Ko ban duba ba, na gaba talatin ne."

"Biyu ga Yuli," in ji Lorraine.

"Na'am?"

"Biyu ga Yuli. Hazo ya tsare su kwana biyu a can saman kogi."

Arvo ya ɗaga babban yatsansa daga kan takardar. Biyu ga Yuli.

Ya dubi bayanta. Daga inda take ba ta iya hango shafin, tabaraunta ma yana kan firji. Ya yi 'yar dariyar da ba ta fito daidai ba.

"Kin leƙa ne jiya?"

"Tara ga Yuli. Sai sha bakwai. Za ka ga an zagaye shi."

An zagaye shi, har sau biyu. Kuma bakwai ɗin an ratsa masa ɗan layi a tsakiya, irin bakwai ɗin da yake gani a takardar cefane duk ranar Asabar tun kafin a haifi 'yarsu ta fari. Sha bakwai ga Yuli. Ranar haihuwar matarsa.

Magogin ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin murhu. Arvo ya ji kunnuwansa suna ƙugi kamar yana tsaye kusa da injin jirgi.

"Lorraine. Littafin wa ye wannan?"

Ta ajiye wuƙa, ta goge hannu a jikin rigar girkinta a hankali, yatsa bayan yatsa, sannan ta juyo.

"Nawa ne, Arvo."

Ta yi shekaru ba ta kira sunansa haka ba. Kullum Kyaftin ne, ko tsoho.

"Naki? Ke da ba ki san gaban jirgi da bayansa ba?"

"Tsawonsa ƙafa ɗari shida da huɗu. Baƙin bututu mai jan zobe. Ƙahonsa yana shaƙewa a busa ta uku."

"Ya Ubangiji."

Ta ja kujera ta zauna, amma ba ta taɓa littafin ba.

"Sunansa Russell. Mai gadi ne a saman jirgin. Gidanmu a DeTour a bakin ruwa yake, ka sani. Idan za su sauko, sai in tsaya a kan gadar kwale-kwalen babana, shi kuma ya kaɗa min rawayan tawul daga gaban jirgi. Minti huɗu. Daga nan sai bayan kwana shida. Ranar haihuwata ya roƙi kyaftin ɗinsu ya bar shi ya busa min gaisuwa, duk ƙauyen suka fito. Da an rufe ƙofofin ruwa lokacin sanyi za a ɗaura mana aure."

Arvo ya kai idonsa ƙasan shafin. Maki na ƙarshe, tara ga Nuwamba. Bayansa fari.

"Ya gudu ne?"

"Tsani ya yi ƙanƙara a tashar da suka je sauke kaya. Ya faɗa tsakanin jirgi da bango. Sati na gaba jirgin ya wuce a kan lokaci, ina tsaye, ba tawul. Sai da yamma wayar ta iso." Ta share ɓawon albasa daga hannun rigarta. "Mama ta kwashe komai ta kai kasuwar coci, wai don in warke. Ban sake ganinsa ba sai jiya da ka fito da shi daga aljihu. Tun daga tabon shayin bangon na gane shi."

"Jiya! Kika gane shi jiya, kika zuba min miya, kika tambaye ni ko gishiri ya ji?"

"To me zan ce maka? Shekara hamsin kana nemansa."

"Kina ji ina gogewa! Kina ji ina kiranki sakarai!"

"Na ce a raina gara ya tafi. Na ɗauka zan iya. Na iya Afrilu, na iya Mayu." Ta dubi littafin. "Da ka ce talatin ne, bakina ya riga ni. Ba talatin ba ne."

Arvo ya miƙe, ya je taga, ya dawo. Ya kasa sanin inda zai sa hannuwansa. Wani abu ya faɗo masa, ya tsaya cak a tsakiyar kicin.

"Ranar da na gan ki a dandali. Ba ɓatan hanya kika yi ba."

"A'a. An ce ranar za a ja shi a wuce da shi wurin yanka. Na zo in gani."

"Ni kuma na tsaya ina koya miki jirage."

"Biyu ma ka faɗa ba daidai ba."

"Biyu!"

"Uku. Na ukun na yafe maka, da nisa." Bakinta ya motsa kamar za ta yi dariya, idonta kuwa ya cika. "Kana ta surutu, kunnuwanka sun yi ja don sanyi, kana murna da kowane jirgi kamar naka ne. Shekara biyu ban iya kallon ruwa ba. Ranar na kalla, har na ji yunwa. Ka saya min soyayyen kifi. Kada ka ce ƙarya na yi maka a wannan, Arvo, don ban yi ba."

"A bikin 'yarmu Karen na ba da labarin nan. Gaban mutum ɗari biyu."

"Ka ba da shi da kyau."

Ya zauna da ƙarfi. Ta ƙofar falo yana hango kantar, da gurbin nan mai faɗin yatsa. Saura maki goma sha tara, aikin rabin awa, littafi ya shiga gurbinsa fes kamar 'yan'uwansa. Ya dubi burushin. Ɓurɓushin magogi ya taru a gefen tawul, baƙi-baƙi, Afrilu da Mayu da Yuni duk a cakuɗe.

Ya ɗaga shafin ya karkata shi wajen hasken taga, ko fensirin ya bar sawu a takarda. Babu. Aikinsa ne, kuma ba a banza ake aiko masa da littattafai daga nesa ba. Ko gurbin maki ɗaya bai bari ba. Ya yi ƙoƙarin tuno abin da bakinsa ya karanta ɗazu, sha huɗu ga Afrilu, ashirin, daga nan sai ya tarar ba abin da ya riƙe. Dariya yake yi lokacin, ba saurare ba.

"Goma sha biyu na cinye miki," ya ce.

"Ƙarasa, tsoho. Littafinka ne. Ka sa shi a kanta mu ci abinci."

Arvo ya jawo aljihun tebur, ya yi ta lalube cikin batura da igiyoyin roba har ya samo guntun fensir. Mutumin da tun yana yaro bai taɓa ɗora fensir a kan littafin jirage ba, ya fere shi da wuƙar albasa. Ya tashi ya ɗauko tabaraunta daga kan firji. Ya juya littafin ya fuskance ta, ya tura shi a hankali har gabanta, ya ɗora fensirin a kan shafi na arba'in.

"Ƙullun zai jira. Don Allah, Lorraine, ki mayar da su da hannunki, tun daga Afrilu. Kuma kowanne kika rubuta, ki faɗa min yadda ruwa yake a ranar."