Inda Aka Sa Garba

Wata Laraba ce da hantsi, a damanar da aka sallamo 'yan dakon Yaƙin Jamus. Ina tsakar gidanmu a Ƙofar Dundaye ina tsince wa Inna shinkafa a faifai, sai maƙwabciyarmu Gwaggo Hajo ta shigo ko sallama babu. Kawu Bello, ƙanen Inna, yana zaune ƙarƙashin rumfa, kwanansa uku da dawowa. Tare Nasara suka kwashe su da Garba ɗan Gwaggo Hajo, shi kaɗai ya komo.

"Bello, ina kunka rufe mani ɗa?" in ji ta.

Kawu ya ce zazzaɓi ya kashe Garba cikin jirgin ruwa, suka yi masa salla, aka ɗaura masa ƙarfe, aka zura shi teku. Ba ta yi kuka ba. Zama ta yi a kan turmi, ta ce, "To mi kag gani cikin ruwan?"

Ya ce kusa da gaɓa ruwan garau yake, har ana hango ciyawa shimfiɗe kamar fadama, manyan kunkuru suna kiwo a ciki. Ga wasu duwatsu masu rassa, ja da fari, waɗanda matuƙan jirgi suka rantse masa suna da rai, ƙananan kifaye na shiga suna fita, manya na dakonsu a bakin rami. Amma inda aka sa Garba babu gaɓa ko ta ina. A can, in ji matuƙan, hasken rana yakan ƙare tun ba a yi nisa ba, sai sanyi da duhun da gari ba ya waye masa. Kifayen wurin da fitilarsu a jiki suke yawo, kuma abincinsu abin da ya faɗo daga sama.

Kaji suka far wa shinkafata, ban ko kore su ba.

"Ashe ba shi ɗai na ba," in ji Gwaggo. Ta tashi ta fita.

Na yi wata guda ba na yarda in leƙa rijiya. Ita kuwa, duk ranar da muka sauka gulbi wanki, takan tsaya cikin ruwa har gwiwa tana addu'a, don an ce mata ƙarshen kowane gulbi teku ne.

Yanzu jikokina kan zo da littafin kimiyya, an zana teku hawa-hawa daga shuɗi zuwa baƙi, suna haddar sunayen halittu suna dariya. Ni har na tsufa ban ga teku ba, amma na san mutum guda a can ƙasa.