Furar Gayya Ta Yi Tsami

Duk wanda ya ce tatsuniya abin yara ce, to bai taɓa zama gaban Kaka Tabawa ba. Ni yau na haura arba'in, har furfura ta fara leƙowa a gemuna, amma akwai tatsuniyarta guda wadda in na tuna sai raina ya ɓaci, in rasa wanda zan fara zagi, ni kaina ko mutanenmu na majami'a.

Kakata ce ta wajen uba. Ƙauyenmu yana arewa da Filinge, a bakin dallol, wato busasshen kwarin kogi, in ka fito da asuba a ƙafa sai hantsi ka shiga gari. Mahaifina ya zama Kirista can Yamai inda ya yi aikin gadi, ya dawo gida da sabon suna, ni ma da aka haife ni ya sa mini Ishaya. Kaka ko a jikinta. Ta ce ana tsuga ruwa na zo duniya, don haka Anaruwa nake, wanda bai so ya toshe kunnensa. Ita azna ce, a kan hanyar kakanninta ta tsaya. Kowace shekara kafin shuka sai ta yanka jan zakara a gindin tsamiyar da ke tsakiyar gonarta. Ba ta taɓa hana ubana addu'arsa ba, shi ma bai taɓa hana ta zakaranta ba.

Lokacin ɗari, bayan an kai hatsi rumbu, da an ci tuwo sai ta hura wuta da kara da busasshen kashin shanu a ƙofar bukkarta. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa ya tusa ƙafafunsa cikin riga, gujiya tana gasuwa a toka. Gaban mutum zafi, bayansa sanyi. Ni nake cusa kai kusa da ita, ita kuma ba ta barina in sha iska.

"Kai mijin banza, matsa can, ka tare mini wuta! Miji ba cefane, sai cin gujiya."

A yi mini dariya. Sai ta gyara tabar da ke bakinta, ta tofa a wuta, ta ce, "Ga ta nan tahe. Mai kunne shi matso, marar kunne shi tahi shi kwana." Mu ce, "Ta zo, mun share mata wuri."

Wadda nake nufi ita ce ta Barmo makaɗin gayya. Gayya kuwa kowa ya sani: mai gona ya sa rana, ya gayyato mutane su yi masa noma, shi kuma ya ciyar da su. Wai Barmo ya samu fatar wani bajimi a wurin mutanen ɓoye, suka ce ya ɗaura ganga da ita, amma da sharaɗi guda: a bayan manoma za a riƙa buga ta, suna tafe yana biye. Haka ya yi. In ya sa gula, sai ka ga rago ya zama namiji, gonar kwana uku a kashe ta kafin azahar. Gari ya ƙoshi.

Da yabo ya yi yawa, sai Barmo ya fara jin zafin rana. Ya koma gindin itace, ya ce daga nan ma ana ji. Samari suka ce bari su ɗan taka kafin su kama hauya, don jini ya motsa. Ɗan takawa ya kai hantsi, wata rana ya kai azahar. Har daga wasu garuruwa ake zuwa kallo. Ana nan sai wata tsohuwa ta kira gayya. Ta sauko da damin da ya rage mata a rumbu, ta dake, ta dama fura. Samari suka zo bakin gonarta, suka shanye furar, Barmo ya sa kiɗi, suka yi rawa har suka tattake mata kunya uku, rana ta faɗi kowa ya kama gabansa. A shekarar nan garin ya fi kowane gari kiɗi, rumbuna kuwa wayam. Da yunwa ta kai yunwa, Barmo ya kwance fatar gangar, ya jiƙa, ya dafa, ya zauna yana tauna, ba ta ko ishe shi shi kaɗai ba.

Nan muke fashewa da dariya. Ni har birgima nake yi, ina kwaikwayon Barmo yana jan fata da haƙora. Kaka ba ta dariya. Ta dube ni ta gefen ido ta ce, "Mi kaka ma dariya? Tsohuwar hwa? Ba wanda ya tambaye ni tsohuwar." Sai ta tura toka a kan garwashi ta ce ta kashe tatsuniya, kowa ya ɗauki ƙashinta ya yi gaba.

Ba mu taɓa tambayar tsohuwar ba kuwa.

Na girma, na yi lakwal, wato makarantar boko, a Filinge, na zauna can. Majami'armu ƙarama ce, ɗaki guda na kwano a bayan gari, mu 'yan kaɗan a tsakiyar Musulmi. Ina da shekara ashirin da 'yan kai aka ɗora ni shugaban matasa, kuma ni nake buga ganga ranar Lahadi. Hannuna da daɗi, ba yabon kai ba. Lokacin mahaifina ya rasu, ƙannensa duk sun tafi cirani, gona ta rage wa Kaka ita kaɗai, ga ƙafa ta fara ba ta wahala.

A wata damina na je gaishe ta, na tarar hatsi ya fito kyau, amma ciyawa ta taso tare da shi. Noman farko ba ya jiran kowa. In ka bar shi ya wuce da mako guda ana ruwa, ƙarangiya ta riga ka. A lokacin kuwa mun yi ta karatu a majami'a a kan kula da gwauraye, zuciyata cike da zafi. Na bugi ƙirji na ce, "Kaka, ran Asabar zan kawo miki matasan majami'armu, mu kashe gonar nan."

"Ɗiyan waƙa? Sun san hauya?"

"Sun sani. Kuma ba mu son komai."

Ta tofar da tabar bakinta. Sannan ta ce, "To, in haka na, ran Lahadi in na shigo kasuwa zan leƙa ɗakin waƙarku. In ga Allahn da ka sa samari su yi ma tsohuwa noma ba ta haihe su ba."

Shekara nawa ubana ya yi yana fatan jin wannan magana bai ji ba! Na koma gari ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Ran Laraba aka kira taron komiten majami'a. Wai wani babban mai wa'azi zai zo daga Yamai, da sono, wato manyan lasifika, da injin wuta, da riguna masu rubutu a ƙirji, za a yi taron farkawar matasa Asabar da Lahadi. Na ce Asabar muna da gayya. Sai Baba Istifanus, dattijon ikilisiya, ya gyara tabarau.

"Ishaya ɗana, gonar wa?"

"Ta kakata, Baba."

"Wadda ake yanka zakara a cikinta? Kana so 'ya'yan ikilisiya su je su yi gumi a gindin tsamiyar tsafi? Aikin Ubangiji ya zo har ƙofa, kai kana zancen ciyawa. Kuma wa zai buga mana ganga?"

Ciyawa! Wallahi har yau ban mance yadda ya faɗi kalmar ba. Mutumin da tuwon hatsi ya raina, ya ce ciyawa kamar wani abin ƙyama. Zakaran ne zai ci hatsin, ko tsohuwar? Amma kada in ɗora masa kaya duka. Da na tashi na ce alkawari kaya ne, na riga na ɗauka, da rabin matasan nan sun bi ni. Ban tashi ba. Abin da ya zaunar da ni shi ne tambayar ƙarshe. Wa zai buga ganga a gaban baƙon Yamai? Ni. Na ga kaina a gaban jama'a, sautin hannuna yana fita ta lasifika har cikin kasuwa.

Abin da ya fi muni, ban aika mata ba. Na ce gobe, gobe ta zo na ce jibi. Kunya ta hana ni. Na yi wa kaina ƙarya cewa da an tashi zaman safe zan ja mutum biyar mu ruga. Aka tashi zaman safe, aka shiga na rana. Aka yi waƙa, aka yi tsalle, aka ɗaga hannu ana kuka, mai wa'azi yana ta ihu cewa matashi ya rayu da manufa. Na buga ganga har tafina ya fashe. Ran Lahadi ina bugawa ina satar kallon ƙofa. Ba ta zo ba.

Sai Litinin na tafi. Tun daga bakin ƙauye mata suka riƙa amsa gaisuwata a taƙaice. Wata maƙwabciyarta ta tsayar da ni ta gaya mini abin da ban sani ba. Ashe samarin ƙauyen sun so su sa mata rana a layin gayyarsu, ta ce su je gonar wani, ita jikanta zai kawo mata mutanensa. Da alfahari ta faɗa, kowa ya ji. Mun ce ba mu son komai, amma ita ba za ta kira mutane gonarta su koma da ƙishirwa ba, ba a yin haka a ƙasarmu ta Kurfai. Ta sa aka sauko da dammunan da suka rage mata, waɗanda za su kai ta lokacin girbi. Kwana biyu ana daka. Ta ari ƙore, ta samo nono a wurin Fulani. Asabar tun da sassafe aka kai furar gindin tsamiya, ta zauna tana duban hanya har rana ta faɗi.

Na same ta a gona. Ƙoren suna nan a jere, furar ta kumbura ta tsage, ƙudaje sun rufe ta, tsaminta ya cika wurin. Ta hana a zubar, ta hana a kwashe. Ita kuma tana can tana tura hauya, taki ɗaya ta tsaya ta dafa ƙugu. Abin da ta nome a kwana biyu bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba.

Na durƙusa na ce, "Kaka, sannu da aiki."

Ba ta daina ba. Ta dubi rigar da ke jikina, mai rubutun taro, ta dubi tsumman da na ɗaure tafina da shi.

"A'a, makaɗi ya iso," in ji ta. "Ga hura nan, sha. Taku ce."

Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Ranar ba ta ce mini mijin banza ba, kuma ba ta sake faɗa ba har ta mutu.

Na karɓi hauyar na yi mako guda ina noma ni kaɗai. Samarin ƙauye sun riga sun cika ranakunsu, sai daga baya wasu suka ɗan kama mini, don ita, ba don ni ba. An makara. Fiye da rabin gonar ya tafi a ciyawa. Shekarar nan Kaka Tabawa, wadda ba ta taɓa cin hatsin wani ba, a kan abin da maƙwabta suka aiko da ɗan abin da na iya kai mata ta rayu. Da na gaya wa Baba Istifanus, cewa ya yi mu sa ta a addu'a.

Dā ina tsammani tatsuniyar Barmo a kan lalaci take. Ba haka ba ne. Barmo ba rago ba ne, ya fi kowa gumi. Laifinsa ya mance gangar don bayan manoma aka ba shi. Mu ma haka. Waƙa ba laifi ba ce, wa'azi ba laifi ba ne, amma an ba mu su ne don su tura mu cikin gonar wani, mu kuwa muka mayar da su su ne gonar.

Abin da ya tayar mini da wannan tsohon miki, makon jiya aka sake zama a komite. Yanzu ni ne dattijon da ke kula da matasa. Aka kawo ranar taron bana, na duba, daidai noman farko, wai lokacin ne 'yan lakwal suke hutu. Na buga tebur na ce ba da ni ba. A unguwar nan kaɗai akwai tsofaffi uku da ba su da mai noma musu, biyu masu salla, ɗaya azna, kuma ban ga inda aka ce a tambayi mayunwaci addininsa kafin a riƙe masa hauya ba. Suka ce Baba Ishaya ya cika faɗa. Sai na zauna na ba su tatsuniyar Barmo daga farko. Da na kai wurin dafa fata suka kwashe da dariya. Na jira. Ba wanda ya tambaye ni tsohuwar.

Ni dai Asabar ina gona, wanda zai bi ni ya bi. Ganga kuwa na daɗe da rataye ta.

Kaka ta yi shekara uku bayan wannan damina. Kusan kowace Lahadi amalanken ƙauyenmu yana kawo ta kasuwa, hanyar kuwa ta ƙofar majami'armu ta bi. Tana jin kiɗin, ta san hannuna ne. Ko sau ɗaya ba ta ce a tsaya ba.