Tantan Ɗin Da'u, Garmar Kabo

Duk Gafasa babu wanda bai san Da'u mai gyaran injin niƙa ba, kuma babu wanda zai ce maka yana marmarin zama da shi. Siriri ne, baƙin mai ya zauna masa a farce kamar da shi aka haife shi. In ka gaishe shi ya amsa da ka, in ka ba shi shawara ya amsa da ƙeya. Hannu kam Allah ya ba shi, injin da ya gagari masu gyaran Ajingi in ya zo gabansa sai ya yi tari ya tashi. Hali ne aka hana shi. Tun yana yaro in aka ce masa ga hanya, sai ya ratsa ta cikin ƙaya don kada a ce an nuna masa.

Yayansa Kabo kuwa baki zuma, ciki maɗaci. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma ba sa ga maciji.

Da mahaifinsu ya rasu aka tsaga gonar gyaɗa biyu, aka dasa gamba a tsakani. Ya rage shanun huɗa da garmarsu, da wata ƙaramar tantan ta noma, irin wadda mutum ke riƙewa da hannu biyu yana bin ta a baya. Tsohon ya sayo ta a Gaya zamanin da gyaɗa ke gyaɗa, ta ɗan yi aiki ta mutu, aka tura ta bayan rumbu. Da'u yana goye a lokacin. Shi dai ya buɗe ido ya ga kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta.

Kabo ya sunkuyar da kai a gaban dattawa ya ce, "Ni ba na son rigima. Da'u ne mai ƙarfe, ya ɗauki ƙarfe. A bar ni da shanu da garmarsu da wahalar ciyawa. In damina ta faɗi ya zo ya roƙa, sai in huɗe masa."

Wannan "ya zo ya roƙa" ita ta tsaya wa Da'u a wuya. Ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce, "Yaya, ran da ka ga sanka a gonata, to gawata aka fitar."

Ya jawo tantan cikin zaure, ya kwashe ranin nan kaf a kanta. Gidan zanzaro ya toshe salansa, ɓeraye sun yi aure sun haihu a tankin mai. Fistin ya kama jikin injin da tsatsa, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Ya yi ta jiƙa shi da kananzir, yana ɗora masa guntun taɓaryar matarsa Hansai yana bugawa a hankali, har ran da ya saki. Ya hau mota zuwa Kano ya nemo zobban fistin a Ƙofar Ruwa. Nozul, wato bakin da ke fesa mai, ya ciro daga wani mataccen injin niƙa. Notuna kuwa a tasoshin Hansai ya jera su, waɗanda ko baƙo ba ta zuba wa abinci a ciki.

Rannan ta tsaya a bakin zaure, hannu a ƙugu, ta ce, "Malam, inji dai na gani, na ga tasoshina ma. Ina abin da zai ta da kunya a gona?"

"Ga haƙora nan jere a gindinta, ko makanta ta same ki? Je ki ji da tukunyarki."

Kabo ma yakan leƙo in zai wuce masallaci. "Sannu da fama, injiniya. Allah ya ta da mamaci." Ya dubi bayan tantan, ya yi murmushi, ya wuce.

Mamaci kuwa ya tashi. Da'u ya murɗa hannun tayarwa har jijiyar wuyansa ta fito, injin ya yi atishawa, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya kama bugawa kamar dakan mata goma a turmi ɗaya. An ce ran nan an ga haƙoran Da'u. Waɗanda suka gani ba su da yawa.

Da ruwa ya sauka ƙasa ta jiƙu, rabin gari ya bi shi gona kallo. Tantan ta shiga, ta niƙe ƙasa lukui kamar garin tuwo. Ya kai ƙarshe ya waiwayo. Fili shimfiɗe kamar faifai, ko kunya ɗaya babu. Wa ya taɓa shuka gyaɗa a Gafasa ba a kan kunya ba?

Tsoho Gwadabe maƙeri ya matso da sandarsa, ya zunguri wasu ramuka biyu a bayan tantan. "Haƙoran nan fasa ƙasa kawai suke yi, Da'u. Nan ake ɗaura mata garma. Da ta mutu, ni na kwance garmar da hannuna, mahaifinku ya sa na yi mata mariƙi da sarƙa don shanu. Ga ta can."

Can ɗin kuwa tsallaken gamba ne, inda Kabo ke bin shanunsa, kunyoyi na tashi a bayansa miƙe sambal.

Da'u ya tsaya a bakin gamba. "Yaya, garmar nan ta tantan ce."

"A da. Ranar rabo an ce shanu da garmarsu, kana zaune, ka ji ka gani."

"Ka sani, ka bar ni rani guda ina wahala."

"Ka tambaye ni? Kai da ba a nuna maka hanya?" Kabo ya share gumi. "Amma ba komai, ɗan'uwa rabin jiki. Ka ce Yaya taimake ni, yanzu in juyo da su."

Gwadabe ya ce zai iya ƙera sabuwa, sai dai fartanyun mutane sun cika maƙera, ga neman ƙarfe mai kauri, kafin ta samu lokacin shuka ya wuce. Hansai, wadda man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ne sana'arta, ta matso ta rage murya. "Malam, maganar nan ba ta cika cokali ba. Faɗe ta mu wuce wurin."

Bai ko dube ta ba. Ya koma gida ya ɗauko garmar hannu, ya duƙa, mutum mai furfura a gemu, yana ta da kunya ɗaya bayan ɗaya, tantan tana tsaye a gindin ɗorawa tana kallonsa. Bai kai rabi ba lokaci ya ƙure, sauran ya watsa wake. A shekarar nan Hansai a kasuwar Ajingi ta riƙa auno gyaɗa, kuma ta rantse wata ta gonar Kabo ce, ta gane ƙwayar. Gadon bayan Da'u bai sake miƙewa daidai ba.

Da damina ta zagayo tantan ta samu garmarta daga maƙera, har garin Toranke ake kiran Da'u huɗa. Mai hankali da ya bar zancen nan. Shi kuwa sai ya kwance salansa ya rataye a zaure. Duk safiyar da Kabo ya fito da shanu, sai Da'u ya bi jikin gamba da injin yana ƙara kamar aradu, shanu su firgita, kunyoyin Kabo na bakin iyaka su karkace kamar tafiyar maciji.

Ana haka wata safiya babban san Kabo ya fizge, ya tsallake gamba da garma a bayansa, ya yi tsaye tsakiyar gonar Da'u yana huci.

Kabo ya ɗaga murya yadda maƙwabtan gona za su ji. "Da'u, ga sa a gonarka! A kira masu wanka ne, ko a fara haƙa kabari?"

Da'u ya jira har Kabo ya janye dabbarsa. Sannan ya juyo da tantan, ya bi sawun kofato ɗaya bayan ɗaya ya huɗe, har bakin gamba. Ya kashe injin, ya goge hannu a riga.

"Wane sa?" in ji shi.